Zobe a Hoton Ƙwaƙwalwa: Yaushe Ya Kamata a Huda Kan Mai Ƙanjamau Don a Gano Cutarsa?

Mu ɗauki misalin magidanci ɗan shekara 35 wanda ya daina karɓar maganin ƙanjamau shekara biyu da suka wuce, saboda ya ga jikinsa ya yi ƙarfi. Ya yi mako uku yana fama da ciwon kai, sai matarsa ta lura kofin shayi yana suɓuce masa daga hannun dama, kuma in ya tashi yin magana harshensa yana sarƙewa. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi yana karkarwa kamar mai farfaɗiya ne aka kwashe shi zuwa asibitin koyarwa. Gwaji ya nuna ƙwayoyin garkuwarsa na CD4 ba su kai 50 ba a cikin maikirolita ɗaya ta jini, alhali na mai lafiya sukan haura 500. Da aka ɗura masa ruwan da ke haska hoto ta jijiya, aka sa shi a na'urar CT mai ɗaukar hoton cikin jiki, sai ga wani abu kamar zobe can cikin ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa, tsakiyarsa baƙi, bakinsa fari, kumburi ya kewaye shi.

Duk likitan da ya yi aiki da masu ƙanjamau ya san wannan zobe, kuma ya san cewa zoben ba ya faɗin sunansa. Baƙin da ke tsakiya mataccen nama ne ko mugunya, farin da ke gefe kuwa wuri ne da katangar da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ta tsage har ruwan hoton ya zurara. Kowace cuta da za ta iya kashe nama ta tsaga wannan katanga za ta iya zana irin wannan zobe. Hanya ɗaya ce ke kawar da shakka gaba ɗaya, wato a ciro ɗan ɓarɓashin naman wurin a duba shi a madubin likita, aikin da ake kira bayofsi. Gani ya kori ji. Sai dai gaɓar da ake magana a kanta ƙwaƙwalwa ce, mai ita kuma ba shi da garkuwa, don haka fiye da shekara 40 ke nan likitoci suna auna wane mara lafiya za a huda, da kuma yaushe.

Cutar da aka fi zargi da farko ita ce toksofilasma. Charles Nicolle da Louis Manceaux ne suka gano wannan ƙwayar halitta a birnin Tunis a 1908, a jikin wata 'yar dabba dangin ɓera da ake kira gundi. A cikin hanjin kyanwa take hayayyafa, ƙwanta ya fito a kashin kyanwar ya gurɓata ƙasa da ruwa da ganye, dabbobi su ci, mutum kuma ya ɗauka ta hanyar naman da bai dahu sosai ba ko hannun da bai wanku ba. Mai ƙoshin lafiya yawanci ba ya ma sanin ya kamu, domin garkuwarsa takan tilasta wa ƙwayar ta dunƙule ta kwanta a cikin tsoka da ƙwaƙwalwa har ƙarshen rayuwarsa. Idan CD4 ya sauka ƙasa da 100, sai ta farka. Ta fi yawan fitowa a wurare da dama lokaci guda, musamman can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa da kuma mahaɗar tokatokan nama da farin nama. Abin da ya sa take da muhimmanci a wannan muhawara shi ne tana jin magani, kuma da sauri.

Ta biyu ita ce limfoma, nau'in ciwon daji na fararen ƙwayoyin jini, wanda a nan yake tsira a cikin ƙwaƙwalwar kanta ba tare da ya taso daga wata gaɓa ba. A jikin masu ƙanjamau kusan kullum yana tare da ƙwayar bairos ta Epstein-Barr, wadda aka fara gani a 1964 a cikin samfurin ƙarin muƙamuƙin yaran Yuganda, ciwon da Denis Burkitt ya bayyana a Kampala a 1958. Wannan ciwo ya fi kama wanda CD4 ɗinsa ya yi ƙasa da 50, ya fi son zama kusa da kogunan ruwan da ke cikin ƙwaƙwalwa, kuma sau da yawa shi kaɗai ne babba guda. Amma a jikin mai ƙanjamau tsakiyarsa kan ruɓe, sai ya fito da zobe wanda ko gwanin karanta hoto ba zai rantse ya raba shi da na toksofilasma ba.

Ta uku, wadda aka fi sani da PML, ba ta cika yin zobe ko kumburi ba. Bairos ɗin JC, wanda aka ware a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a 1971, shi ne ke cinye rigar da ke lulluɓe zaren jijiyoyi, sai a ga farare-fararen tabo a hoton MRI, wata na'urar hoton cikin jiki mai aiki da maganaɗisu. Ba ta da magani na musamman, in ban da a farfaɗo da garkuwar jiki. Bayan waɗannan uku akwai ƙullin tarin fuka, da ƙullin fangas ɗin kiriftokokas, da ƙurjin bakteriya na yau da kullum, kuma yakan faru a sami biyu daga cikinsu a kai ɗaya.

A farkon shekarun 1980, bayan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta wallafa rahotonta na farko kan cutar ƙanjamau a ranar 5 ga Yuni 1981, likitoci ba su san abin da suke gani ba, saboda haka an yi ta yin bayofsi, aka kuma yi ta binciken gawa. Daga nan aka fahimci cewa toksofilasma ce ke da kaso mafi tsoka na masu zobe, musamman a ƙasa irin Faransa inda a lokacin fiye da rabin mata masu juna biyu da ake gwadawa suna ɗauke da alamarta a jini. Sai aka yi wani tunani wanda har yau a kansa aka dogara: tunda cutar da ta fi yawa ita ce kuma ta fi saurin jin magani, me zai hana a mayar da maganin kansa ya zama gwaji? A ba mara lafiya firimetamin da salfadayazin tare da sinadarin folinik da ke kare ɓargo, a jira kwana 10 zuwa 14, a sake duba shi, a sake hoto. Mafi yawan waɗanda toksofilasma ce ke damunsu sukan fara nuna sauƙi tun a makon farko, kusan dukkansu kuma kafin mako na biyu ya cika. Wanda ya samu sauƙi ya tsira daga wuƙa, wanda bai samu ba shi ne za a kai ɗakin tiyata. A 1998 ƙungiyar likitocin jijiyoyi ta Amurka ta rubuta wannan tsari a matsayin ƙa'ida, tare da togaciya biyu masu muhimmanci. Idan zoben guda ɗaya ne kuma jini bai nuna alamar toksofilasma ba, a yi tunanin bayofsi da wuri. Idan kuma ƙarin ya yi girman da yake neman tura ƙwaƙwalwa ta danne tushenta, a buɗe kai nan take a rage matsin, a ɗauki samfur a lokaci guda.

A ganina wannan tsari yana da hikima, amma hikimarsa tana rataye ne da wa'adinsa. Gwajin magani gwaji ne kawai idan an sa masa rana. Abin da ke ɓata shi a aikace shi ne a bari mako biyu su zama huɗu, huɗu su zama shida, ana cewa a ƙara masa lokaci, alhali hannun da ya yi sanyi ya riga ya zama ɓarin jiki. Mai limfoma da ba a yi masa magani ba, a zamanin da, kwanakinsa ba su cika wuce wata ɗaya ko biyu ba, ke nan kowane makon da aka ƙara kan wa'adi an yanke shi ne daga ɗan abin da ya rage masa.

Akwai kuma tarkon da ya kamata kowa ya sani, wato maganin rage kumburi irin deksametason. Idan aka ba da shi, kumburi kan sauka, ciwon kai ya lafa, mara lafiya ya buɗe ido ya gane 'yan uwansa, ko da wace cuta ce ke ƙasa. Likita zai iya ɗauka maganin toksofilasma ne ya yi aiki. Abin da ya fi wannan muni shi ne irin wannan magani yana narkar da ƙwayoyin limfoma na ɗan lokaci, har ƙarin ya ragu ko ya ɓace daga hoto, sannan ya dawo bayan 'yan makonni. Idan aka yi bayofsi a wannan tsakani, mai duba naman ba zai ga komai ba sai tarkacen ƙwayoyi. Ba a cewa a hana shi ga wanda kumburi ke neman kashewa, domin ceton rai yana gaba da sanin sunan cuta, amma a ba da shi bisa larura, a rubuta ranar da aka fara, kuma a san cewa daga wannan ranar sauƙin da aka gani ba shaida ba ne.

Shi kansa aikin bayofsin ba irin wanda mutane ke tsoro ba ne na fasa ƙoƙon kai a buɗe shi kamar ƙwarya. Dabarar ta samo asali ne daga wata na'ura da Victor Horsley da Robert Clarke suka bayyana a Landan a 1908, shekarar da aka gano toksofilasma. Spiegel da Wycis suka fara amfani da irinta ga mutane a Filadelfiya a 1947, Lars Leksell na Suwidin ya fito da nasa ƙarfen mai kamar baka a 1949, zuwan na'urar CT a farkon shekarun 1970 kuma ya ba aikin ido. Ana ɗaura wa mara lafiya wani firam na ƙarfe a kai da ƙusoshi huɗu bayan an yi masa allurar kashe zafi a fatar wurin, a ɗauki hoto da firam ɗin, sai kwamfuta ta fitar da lambobi uku da ke nuna daidai inda ƙarin yake, tsawo da faɗi da zurfi. Likita ya zaɓi hanyar da za ta kauce wa jijiyoyin jini da cibiyoyin magana da motsi, ya tsaga fata kaɗan, ya huda ƙashi hudar da ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba, sannan ya zura allura mai kaurin kamar milimita 2 wadda ke da 'yar taga a gefe. Nama ya shiga tagar, a yanke shi, a zaro. Abin da ke fitowa bai fi ƙwayar shinkafa ba. A asibitoci da dama yanzu ana yin aikin ba tare da firam ba, da na'urar da ke bin kan allura a allo.

Inda aka ɗebo naman yana da muhimmanci kamar ɗebowar kanta. Tsakiyar zobe matacciya ce, ba ta da labari, can waje kuma kumburi ne kawai. A bakin zoben ne cutar ke raye, saboda haka ake ɗauka daga zurfi daban-daban a kan hanya ɗaya, kuma inda hali ya yi, mai duba nama yana kusa ya shafa ɗan kaɗan a gilashi ya tabbatar an dace kafin a ɗinke.

Wani nazari da aka wallafa a 2016, wanda ya tattara bayanan masu ɗauke da HIV fiye da 1,200 da aka yi wa bayofsin ƙwaƙwalwa, ya nuna cewa a cikin kowane mutum 10 ana samun sunan cuta a wajen kamar 9. Kimanin 5 ko 6 cikin 100 sun sami illa daga aikin, waɗanda suka rasu sanadinsa ba su kai 1 cikin 100 ba, kuma sakamakon ya sa an sauya magani ga fiye da rabinsu. Alƙaluman shekarun 1990 sun fi waɗannan muni. Babban abin tsoro shi ne zubar jini a cikin kai, wanda haɗarinsa ke ƙaruwa saboda masu ƙanjamau sukan yi ƙarancin ƙwayoyin daskarar da jini, shi ya sa ake auna su kafin a taɓa mutum.

Dole a karanta irin waɗannan alƙaluma da lura. A rahotannin bayofsi, limfoma da PML sukan sha gaban toksofilasma, wanda bai sani ba sai ya ɗauka sun fi ta yawa. Gaskiyar ita ce masu toksofilasma sun warke tun a gwajin magani, ba su taɓa isa teburin tiyata ba. Haka nan waɗanda suka galabaita sosai ba a yi musu aikin ba, don haka ƙarancin mace-macen da aka rubuta na zaɓaɓɓun marasa lafiya ne, a hannun ƙwararru, a cibiyoyin da ke yin aikin a kai a kai.

Kafin 1996 akwai likitoci masu hankali da suke ganin bayofsi bai da wani amfani ga mai ƙanjamau, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Idan an gano limfoma, gashin haske zai ƙara masa 'yan watanni ne kawai. Idan PML ce, babu abin yi. Me ya sa za a wahalar da mutumin da ke bakin kushewa don a ba ajalinsa suna? Zuwan magungunan haɗaka masu danne HIV a 1996 ya rushe tushen wannan hujja. Yanzu mai limfomar ƙwaƙwalwa zai iya karɓar maganin ciwon daji mai ƙarfi na metotireksat tare da maganin ƙanjamau ya rayu shekaru, masu PML da yawa kuma cutar kan tsaya musu idan garkuwa ta dawo. Sunan cuta ya zama abin da ke raba rayuwa da mutuwa. Ina ganin ƙin yi wa mutum bayofsi a yau don kawai yana ɗauke da HIV rashin adalci ne, ragowar tunanin zamanin da ya wuce. Maganin ya kuma kawo sabon ruɗani, domin garkuwar da ta farfaɗo takan afka wa tsohuwar cuta da ƙarfi har tabo ya kumbura ya yi kamar yana ƙaruwa, a rasa gane ko magani ne ya gaza ko garkuwa ce ke yaƙi.

An yi ƙoƙarin samun hanyoyin da za su rage buƙatar huda. Gwajin PCR, wanda ke neman ƙwayar gadon cuta, a ruwan ƙashin baya yana iya gano bairos ɗin JC, kuma idan ya haɗu da hoton da ya dace da alamun da suka dace, an yarda a kira cutar PML ba tare da bayofsi ba. Samun Epstein-Barr a wannan ruwa yana ƙarfafa zargin limfoma, musamman idan hoton da ake ɗauka bayan an ɗura sinadari a jijiya, irin na taliyam ko na PET, ya nuna ƙarin yana zuƙar sinadari da yawa, amma ba ya yanke hukunci shi kaɗai, kuma da wuya likitan ciwon daji ya yarda ya fara magani mai guba ba tare da ganin nama ba. PCR na toksofilasma kuwa in ya nuna akwai, to akwai, in ya nuna babu, ba a dogara da shi. Sannan mai babban ƙari da kumburi ba a ɗibar masa ruwan baya ko kaɗan, don kada ƙwaƙwalwa ta zurma ƙasa. Wato mara lafiyar da ya fi buƙatar amsa shi ne gwajin ruwa ya fi gagara a kansa.

Duk wannan tsari an gina shi ne bisa cututtukan da aka gani a Turai da Amurka, kuma ɗauko shi ɗungurungum zuwa Afirka yana buƙatar gyara. Binciken gawarwaki da Sebastian Lucas da abokan aikinsa suka yi a Abijan ta Kwaddibuwa, wanda aka wallafa a 1993, ya nuna tarin fuka ne kan gaba wajen kashe masu HIV, toksofilasmar ƙwaƙwalwa tana cikin manyan sanadai, limfomar ƙwaƙwalwa kuma ba ta da yawa. A Afirka ta Kudu, wani rahoto daga Durban a 1999 ya sami toksofilasma a kan gaba, wani kuma daga asibitin Baragwanath na Soweto a 2004 ya sami tarin fuka a kan gaba. Ƙasa ɗaya ce, amsa biyu. Ma'anar wannan ga likita a Kano ko Zariya ko Yamai ita ce idan mako biyu suka cika ba sauƙi, abin da zai fara zuwa masa a rai ba lallai ne ya zama ciwon daji ba, yana iya zama ƙullin tarin fuka, cutar da ake warkewa daga ita da magungunan da ake bayarwa kyauta.

Sai dai gwajin maganin tarin fuka ba ya kama da na toksofilasma. Ƙullinsa yana ɗaukar makonni ko watanni kafin ya ragu, wani lokaci ma yakan ƙara girma a farkon magani ko da maganin daidai ne, saboda haka ba shi da wa'adi mai kaifi da za a tsaya a kansa. Da yawa sukan haɗa magungunan biyu a lokaci guda. Da babu gara ba daɗi, kuma ba zan zargi likitan da ya yi haka don ya ceci rai ba, amma farashinsa a bayyane yake: hanta tana ɗaukar nauyi, maganin tarin fuka na rifamfisin yana karo da wasu magungunan HIV har sai an gyara adadinsu, kuma in mara lafiya ya warke ba a san wanne ya warkar da shi ba, balle a san wanda za a ci gaba da shi. Kafin a kai ga nan akwai matakai masu araha da ke rage duhu: hoton ƙirji, gwajin majina da na'urar GeneXpert da gwajin fitsari na LAM, waɗanda duka ke neman tarin fuka, gwajin kiriftokokas a jini, da laluben kaluluwa a wuya da hammata. Kaluluwa guda da aka yanka a wuya za ta iya ba da amsar da za ta hana a taɓa kai. Tambaya ɗaya ma tana da nauyin gwaji: shin yana shan Septrin kullum? Wannan ƙwaya, wadda gwaje-gwaje biyu na Abijan suka tabbatar da amfaninta ga masu HIV a 1999, tana hana toksofilasma farkawa, don haka zobe a kan wanda ke shan ta ba fashi ya kamata ya karkatar da zato zuwa wata cuta, ya kuma matso da ranar bayofsi. Ita ce kuma, a adadi mai yawa, ake amfani da ita wajen maganin toksofilasma inda firimetamin da salfadayazin ba sa samuwa.

Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu ɗauke da HIV a Najeriya da kusan miliyan 1.9, kuma har yanzu wani kaso nasu ba ya zuwa asibiti sai garkuwa ta ƙare, ko dai don bai taɓa yin gwaji ba ko don ya bar magani. Tiyatar ƙwaƙwalwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar, tun da Latunde Odeku ya kafa ta a Ibadan a 1962, kuma akwai sassanta a asibitocin koyarwa na Sakkwato da Kano da Zariya. Amma likitocin ba su da yawa, kuma kuɗin hoto na biyu, wanda shi ne rabin gwajin mako biyu, yakan gagari iyalin da suka riga suka sayar da abin hannunsu don hoto na farko. Akwai kuma batun amincewa. Mara lafiya sau da yawa hankalinsa ya gushe, 'yan uwa ne za su sa hannu, wasunsu ma ba su san yana ɗauke da cutar ba. Dole likita ya bayyana musu dalilin huda kai da haɗarinsa a cikin harshen da suke ji, ba tare da ya tona asirin da ba a ba shi izinin tonawa ba.

Idan an kai ga yin aikin, tafiyar ɗan naman daga ɗakin tiyata zuwa ɗakin gwaje-gwaje ita ce matakin da aka fi raina wa, kuma a nan ne wahalar duka za ta iya tashi a banza. Al'ada ita ce a jefa samfur cikin ruwan fomalin don ya daskare a iya yanka shi sirara a rina. Wannan daidai ne ga limfoma da PML da toksofilasma, waɗanda ake tabbatarwa da rini na musamman. Amma fomalin yana kashe duk wani abu mai rai, don haka naman da ya shiga cikinsa ba za a iya shuka shi a ga ko tarin fuka ko fangas ko bakteriya za su tsiro ba, ba za a kuma san maganin da suke ji ba. Saboda haka tun kafin a tsaga fata ya kamata likitan tiyata da mai duba nama da mai binciken ƙwayoyin cuta su zauna su raba 'yan ƙwayoyin shinkafar nan: wannan a fomalin, wannan ɗanye a cikin ruwan gishiri mai tsabta, kuma a rubuta a takardar da ke rakiyarsu adadin CD4, da magungunan da mara lafiya ya sha, da ranar da aka fara ba shi deksametason.